Kokwambar Bayan Ɗakin Baffa

3 ga Maris

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ya karatu, ya haƙuri da aikin asibiti. Mu nan sai godiya.

Na san za ki ga rubutun da ba ki sani ba ki ce wane ne kuma wannan. Ni ne Dogo. Kakana da kakanki, mahaifin Baffa, ciki ɗaya suka fito, babana shi ne mai gyaran rediyo. Sau biyu muka taɓa haɗuwa. Na ƙarshen shi ne ranar rasuwar Ummanki, ni ne yaron da ya yi tuntuɓe da tiren kofuna a gaban baƙi. Tun daga lokacin na ƙara tsawo, wayo dai yana nan inda kika bar shi.

Gwaggo ce ta aika a kira ni. Ta ce Baffa ya zame a banɗaki, ita kuma gwiwoyinta ba sa barinta zirga-zirga tsakanin gidanta da nan. Na bar wa abokin aikina rumfar facin taya na taho. Yau kwanana tara. Ina kwana a ɗakin ɗinki, tsakanin keken da kabad ɗin zare, ƙafafuna suna leƙa ƙofa.

Baffa ya ce in gaya miki ya ji sauƙi, yana cin abinci, kada ki sa komai a ranki sai jarrabawarki. Ya ce hannunsa ne ya gaji da biro, shi ya sa ya ɗauki sakatare. Yana nan zaune a gefena. Ya ce duk takardar da na rubuta sai na karanta masa kafin in liƙe, wai shekara arba'in yana tela bai taɓa barin riga ta fita daga shagonsa bai juya cikinta ya duba ba.

Ki yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya. Gwaggo tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Dogo

11 ga Maris

Ƙanena Dogo,

Na amsa sallamarka. Lafiyata ƙalau, sai gajiyar tsayuwa. Na tuna ka sarai, har yanzu kofuna huɗu ne suka rage a cikin dozin ɗin nan. Allah ya saka maka da alheri da ka bar sana'arka ka zo. Ka gaishe da Baba, ka gaishe da Gwaggo da gwiwoyinta.

Ga abin da nake ciki. Wannan ce shekarata ta ƙarshe a makarantar ungozoma, jarrabawa ƙarshen Yuni. Hutu ɗaya ne ya rage mini, kwana goma, kuma huɗu daga ciki hanya ce ke cinye su, biyu zuwa biyu dawowa. Ko in ɗauke shi yanzu in zo in ga Baba, ko in ajiye shi sai na gama. Shugabar makaranta tana son amsa kafin sha biyu ga Afrilu, kuma ita mace ce da ba ta sake buɗe littafin da ta rufe.

Rabona da Baba wata goma sha huɗu. Idan jikin nan da gaske ne, gobe ma sai in kama hanya. Amma ka san shi, ko ƙafarsa ce ta cire zai ce takalmi ne ya matse shi. Tambayarsa lafiya ɓata baki ne.

Abu ɗaya ne ba ya yi mini ƙarya. Duk shekara a tsakiyar Maris yana shuka kokwamba a ɗan filin bayan ɗakinsa. Tun da na yi wayo sau biyu kawai ya fasa, shekarar da aka yi masa aiki a ciki da shekarar da Umma ta rasu. Don haka kada ka tambaye shi komai. Ka zuba ido kawai, ka rubuto mini ko ya shuka ko bai shuka ba. Idan ya shuka, na san Babana yana nan da ƙarfinsa, sai in zauna in yi karatuna.

Yayarka

Af, wannan magana ta shuka tsakanina da kai ce, kada ka karanta masa.

25 ga Maris

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata gajiyar tsayuwa ta yi sauƙi. Baffa yana amsawa, ya ce ki riƙa ɗora ƙafafunki a kan filo idan kin dawo.

Takardarki ta iso ranar sha takwas. Washegari da hantsi Baffa ya ce in fitar masa da kujera bayan ɗaki. An shuka, Yaya.

Irin yana cikin gwangwanin maɓallai, a ƙulle cikin takarda. Ya sa na zuba shi a kofin ruwa. Waɗanda suka taso sama ya ce in zubar, babu komai a cikinsu, waɗanda suka nutse su ne masu rai. Ni ban taɓa shuka ko albasa ba, komai sai da ya faɗa mini. Na kafce wurin, na farfasa ƙasar, na cuɗa ta da tsohon takin da maƙwabcinmu kafinta ya ba mu. Sai ya ce in ɗauko tef ɗinsa na awo. Na ce Baffa, ƙasa za mu ɗinka wa riga? Ya ce duk abin da ba a auna ba karkacewa yake yi, ka dubi kanka.

Inci goma sha takwas tsakanin rami da rami, layi biyu, rami goma sha biyu. Na ɗaure zare a turaku biyu don layin ya miƙe. Na danne kan tef ɗin da dutse ina ja, shi yana nuna mini da sanda daga kujera. Ramin farko da na yi ya ce, kai, rijiya kake haƙa? Gaɓar yatsa ɗaya ta isa. Ƙwaya uku a kowane rami, a rufe da tafin hannu, kada a danna.

Nan na rubuta wani abu ya ce in soke, wai surutu ne. Shi ne baƙin da kika gani.

Gwaggo ta shigo ta same mu, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce wannan ai rigima ce kawai. Ya ce mata, ke dai ranar tsinka kada ki zo da babban kwano. Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta yi ta gyaran gadon da na riga na gyara.

Ina ba su ruwa kullum da safe, a hankali, da gwangwanin da na huda wa gindi. Jiya, kwana biyar cif, suka fito. Kowace da ganye biyu a haɗe, wasu har da ɓawon irin a kansu kamar hula. Rami goma sha ɗaya sun fito. Na jikin bango bai fito ba, na ga inuwa tana daɗewa a wurin.

Abin da kika tambaya ke nan.

Ƙaninki,
Dogo

2 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya,

Sallama. Ina fata wannan ta same ki lafiya, kuma ta same ki kafin sha biyu ga wata. Ban jira amsarki ba na sake rubutowa. Mu nan muna godiya.

Yau aka rage shukar. Sun yi ganye huɗu huɗu, na tsakiyan masu kaushi kamar harshen kyanwa. Baffa ya ce uku ba sa zama a rami ɗaya, sai a bar ɗaya. Na kai hannu zan tuge ya buga sanda a ƙasa. Wai saiwoyinsu a harɗe suke a ƙasa, idan na ja ɗaya na ji wa 'yar'uwarta ciwo. Yankewa ake yi daga gindi.

Yaya, ki karanta wannan da kyau. Baffa ya ba ni almakashinsa, babban, mai baƙin hannu, wanda ke cikin aljihun keke a naɗe da ƙyalle. Ya ce in ɗauko, na ɗauko na miƙa masa, ya dube shi ya daɗe, sai ya ce kai za ka yanka. Ni na yanka duka ashirin da biyun.

Ya ce in riƙa barin mai kauri, ba mai tsawo ba, mai tsawo neman haske ne ya ja ta, babu ƙarfi a jikinta. Na ce Baffa, ashe da ni shuka ne da tuni ka yanke ni. Ya yi dariya har sai da na goge masa baki.

Na tattara waɗanda na yanke a tafin hannuna, ban san inda zan kai su ba. Lafiyarsu ƙalau, ba su yi laifin komai ba. Na zuba su a gindin waɗanda suka rage.

Kafinta ya yi alkawarin ba mu dogayen sanduna na hawa. Idan hutun nan yana samuwa yanzu, lambun yana da kyaun gani yanzu ma.

Baffa ya ce in ƙara da cewa ba a yin tafiyar kwana biyu don ganin ganye, ki bari sai 'ya'ya.

Ƙaninki,
Dogo

11 ga Afrilu

Ƙanena Dogo,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Baba da Gwaggo. Takardunka biyu sun iso, kuma rabon da in yi barci mai daɗi kamar na wannan makon har na manta.

Almakashi! Kai, Dogo, wane asiri ka yi wa tsohon nan? Ina 'yar shekara bakwai na taɓa yanka takarda da shi, kwana biyu Baba bai yi mini magana ba. Umma har ta bar duniya da wuƙa take yanke zare. Na karanta wa abokiyar ɗakina wurin nan muka yi ta dariya. Ka shiga ransa ke nan, ka riƙe da kyau. Kuma ina jin muryarsa a kowane layi, faɗan nan, tef ɗin nan, tsokanar Gwaggo. Mutumin da ke da ƙarfin buga sanda a ƙasa saboda saiwar kokwamba ba ya buƙatar in zo in tsaya masa a ka.

Na gaya wa shugaba na ajiye hutuna sai bayan jarrabawa, ta rubuta ta rufe littafinta. Tunda haka ne na sa sunana a cikin masu zuwa ƙaramin asibitin ƙauye na mako huɗu. Ana son kowace ɗaliba ta karɓi haihuwa ashirin kafin jarrabawa, ni ina da sha uku, can kuma an ce ba a rasa aiki. Za mu tashi ranar sha biyar. Ka ci gaba da rubutowa a adireshin makaranta, motar magani tana kai mana wasiƙu duk mako.

Ka gaya wa Baba na ji, sai 'ya'ya. Ya ajiye mini na ƙarshe, kada Gwaggo ta kwashe.

Yayarka

19 ga Afrilu

Yaya,

Sallama. Ina fata kin isa lafiya. Ba zan ce miki muna lafiya ba.

A kan bencin kafinta nake rubuta wannan. Baffa bai san da ita ba kuma ba zan karanta masa ba.

Ba zamewa ya yi a banɗaki ba. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye, hannu da ƙafa, tun kafin in zo. Ni nake ɗaga shi, ni nake yi masa wanka, ni nake ba shi abinci a baki. Ranar da na iso ya kama hannuna da hagunsa ya sa na yi masa alkawari ba zan rubuta miki abin da zai tashe ki daga karatu ba. Ya ce shekara uku kina wahala, ba zai zama shi ne ya ɓata miki watanni huɗun ƙarshe ba. Gwaggo ma ya ɗaure ta da irin wannan alkawarin.

Akwai abin da ya fi wannan. Takardarki ta farko, wadda kika ce kada in karanta masa maganar shuka. Yaya, ni ba na iya karatu da ido in wuce gaba kamar ku. Kalma ɗaya ɗaya nake bi da yatsa ina faɗa da ƙarfi. Sai da na karanta masa komai, har na karanta masa inda kika ce kada in karanta masa, sannan na gane abin da na yi. Ya ce to. Bai da niyyar shuka bana, ya riga ya ce in ba kafinta irin. Don ke aka shuka, kuma ni na ba shi hanyar.

Na yi ta neman yadda zan gaya miki ba tare da na karya alkawari ba. Na ce a kujera yake. Na ce dutse ne ya riƙe tef. Layin da ya sa na soke, cewa na yi ni na ɗauko shi a hannu zuwa kujerar. Almakashin kuwa na ɗauka shi zai isa, domin ya gwada sa yatsunsa na hagu a ciki sau uku suna zamewa. Da na karanta masa wurin ya dube ni, ya san abin da nake yi, ya ce bar shi, ba za ta gane ba, ta san ni da rowar almakashi ne kawai.

Ranar sha shida da rana abin ya sake buga shi. Yanzu magana ta tafi. Muna babban asibiti, na dawo ɗaukar kaya ne. Likita ya kira ni gefe ya ce duk wanda ya kamata ya gan shi ya zo ya gan shi.

Takardarki da na samu jiya ta ce kin tafi. Ki roƙi shugabar nan, ki nuna mata wannan. Ki taho, Yaya.

Dogo

30 ga Afrilu

Yaya,

Sallama. Kwana goma sha ɗaya ban ji daga gare ki ba. Ban sani ba ko fushi kike yi da ni ko takardar ce ba ta kai ba. Idan fushi ne, ki zo ki yi shi a nan.

Na je gidan waya na kira ofishin makarantarku sau biyu. Wani mutum ya ce kuna ƙauye, babu layi a can, zai ba da saƙo idan mota za ta tafi. Na tambaye shi yaushe, ya ce shi ba direba ba ne.

An sallamo mu bayan kwana biyar, sun ce abin da ya rage a gida ma ana yinsa. Ruwa da shayi kawai yake karɓa, da cokali. Ni da kafinta mun ja gadonsa zuwa taga, daga nan yana ganin lambun.

Kwana biyar ɗin nan babu wanda ya ba su ruwa sai sau ɗaya da Gwaggo ta watsa musu bokiti. Na same su sun yi laushi sun kwanta. Na ɗauka sun mutu, amma kwana biyu da ruwa suka miƙe. Na kafa sandunan, sun kama da 'yan siraran hannuwansu suna hawa. Sun fara fure, rawaya. Na farkon duk suka zube, hankalina ya tashi, na kwaso na kai masa a hannu. Ya girgiza kai, ya nuna taga da ido. Na koma na duba da kyau. Ashe fure iri biyu ne. Masu zubewa ba su da komai a bayansu. Akwai wasu da 'yar kokwamba ƙarama kamar ƙaramin yatsa a gindin furen, su ba sa zubewa. Na dawo na gaya masa abin da na gani, ya lumshe ido.

Duk ranar da ya ji ƙararrawar keken mai kawo wasiƙu sai ya juyo da idonsa wajen ƙofa. Ban san abin da yake so ba, ko ki zo ko kada ki zo. Ina jin shi ma bai sani ba.

Dogo

27 ga Afrilu

Ƙanena Dogo,

Gaisuwa daga ƙarshen duniya! Lafiyata lau, na yi baƙi na rame, ina jin daɗi. Motar magani ta lalace tun makon farko, ba mu ga takarda ko ɗaya ba, wannan ma wani direban babbar mota na roƙa ya jefa mini a akwatin gari. Na san takardunka suna can suna jirana cike da labarin ganye.

Na kai sha tara. Jiya tagwaye, ni kaɗai da wata tsohuwar ma'aikaciya, duka biyun suna kuka kamar an biya su. Ka gaya wa Baba 'yarsa ta iya ɗinki ita ma, kuma nawa ɗinkin ba a dawo mini da shi a ce ya matse.

Yanzu shukokin sun isa ɗauri. Kada ka yi amfani da igiya, tana yanka su. Akwai buhun ƙyallaye a bayan ƙofar ɗakin ɗinki, da su yake ɗaurewa, sako-sako. Amma me nake gaya maka, yana nan a kanka da sanda.

Saura wata biyu. Ku jira ni.

Yayarka

10 ga Mayu

Yaya,

Sallama. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Baffa ya rasu jiya da hantsi. An yi masa sutura da yamma, mutane sun taru sosai, har waɗanda ya koya wa ɗinki shekaru talatin da suka wuce. Na sake kiran ofishinku na bar saƙo. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Zan gaya miki yadda kwanakin suka kasance, domin na san za ki so ki sani.

Takardarki ta ƙauye ta iso ranar shida. Na karanta masa duka, wannan karon babu abin ɓoyewa a ciki. Da na zo wurin ɗinkin da ba a dawo miki da shi ba, ƙirjinsa ya yi ta motsi, dariya ce babu sauti. Ya sa na maimaita wurin tagwayen, da ido yake nuna takardar. Na ɗauko buhun ƙyallayen na ɗaure su yadda kika ce, yana kallo ta taga. Lambun ya zama kala-kala, guntun rigunan mutanen unguwa duk suna rataye.

Ranar takwas na tsinki ta farko, tsawon tafin hannuna, kore shar, da 'yan ƙayoyi masu gogewa da yatsa. Na wanke na yanka a gabansa. Na fara ɗanɗanawa. Ɗaci, Yaya, kamar magani. Kafinta ya ce ƙishin da suka sha ne lokacin da muke asibiti, wai kokwamba ba ta mantawa da ranar da aka hana ta ruwa. Na so in ɓoye, amma yana kallon farantin. Na yanki siriri na ɗora masa a harshe. Ya yamutsa fuska, ya dube ni irin kallon da yake yi mini idan na karkata layi. Na ce Baffa na sani, na bayanta za su fi. Ya riƙe yankan a bakinsa bai tofar ba, har sai da na cire masa.

Jiya na gyara shi, na ba shi cokali uku na shayi, na buɗe taga, na fita ba da ruwa. Gwaggo tana zaune a gefensa. Ina rami na bakwai ta kira sunana, ba da ƙarfi ba. Na ajiye gwangwanin na shiga. Ta ce babu wata wahala, yana kallon waje ne kawai sai ya daina.

Yau da safe na ƙarasa ramuka huɗun da suka rage.

Dogo

19 ga Mayu

Dogo,

Na dawo makaranta ranar sha uku. Mai gadi ne ya miƙo mini takardunka biyu da wata 'yar takarda daga ofis mai layi ɗaya. Ita na fara buɗewa, saƙon rasuwar ne. Takardarka ta uku ta same ni shekaranjiya.

Shugaba ta ba ni kwana uku. Kwana uku ba sa kai ni su dawo da ni, kuma wa zan tarar? Na ce ta bar su. Zan zauna jarrabawar, tunda saboda ita aka yi mini wannan. Zan iso biyu ga Yuli da motar yamma.

Na jera takardunka a kan gado na karanta su tun daga farko. Kujera, dutse, goge baki, duk suna nan. Ni da ake koya wa gane ciwo a fuskar mace kafin ta buɗe baki, na karanta cewa Babana ya ba wani almakashinsa na yi dariya, har na kira wata ta taya ni.

Amma kai, Dogo. Gidan waya yana nan tun watan Maris. Bencin kafinta yana nan tun watan Maris. Layi ɗaya ya isa, ka ce Yaya ki zo. Me ya sa sai da bakinsa ya rufe naka ya buɗe? Ka yi masa abin da ni ban yi ba, ka ɗaga shi ka wanke shi, na sani, kuma ina jin kunyar abin da nake rubutawa. Duk da haka ka hana ni ubana. Ban san ko na yafe maka ba. Ban ma san ko kai ne wanda ya kamata in yafe wa ba.

Ka tuge lambun nan kafin in zo. Ba na son in gan shi.

Yayarka

27 ga Mayu

Zuwa ga Yaya,

Sallama, ya ƙarin haƙuri. Gwaggo tana nan, ta dawo gidan da kwana, tana gaishe ki. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Kin tambaye ni, zan ba ki amsa iyakar abin da na sani. Na yi ta tunani ko akwai wani dalili mai kyau, ban samu ba. Shi yana gabana, ina jin nauyinsa a hannuna kullum, yana kallona. Ke kuma takarda ce da ke zuwa bayan kwana bakwai. Duk ranar da na ce yau zan je bencin kafinta, sai ya yi mini wani abin dariya, ko ya ci abinci da ɗan yawa, sai in ce bari in ga gobe. Ni mutum ne mai jira, a rumfar faci ma da shi aka san ni. Wannan karon na jira abin da ba a jira. Ba zan ce ki yafe mini ba, ba yanzu ba.

Na tuge lambun jiya. Gidanki ne. Akwai 'ya'ya da yawa a jiki, na tsinke na raba wa maƙwabta, sun ce babu ɗaci. Na mayar wa kafinta sandunansa, na share wurin na daidaita ƙasar. Gwaggo ta yi mini faɗa, daga baya ta zo ta taya ni kwance ƙyallayen.

Ban taɓa komai a ɗakinsa ba sai zanin gado da na wanke. Zan zauna har ki iso in ba ki makullai, sannan in koma rumfata.

Motar yamma takan makara, kuma an canja mata wurin tsayawa, yanzu bayan gidan mai take sauke mutane. Zan kasance a can tun ƙarfe huɗu. Ba za ki sha wahalar gane ni ba, na fi kowa tsawo. Idan ba ki son yi mini magana, ba sai kin yi ba. Ki miƙo mini jakar kawai, in bi bayanki.

Ƙaninki,
Dogo